Alam ɗin injin jirgin ruwa na ta ihu ko ya yi gum: yadda za ka bi waya ka gano inda matsalar take

Abu na farko da yawancin direbobin jirgi ke yi idan ƙararrawar inji ta ishe su da ƙara shine su ɗauko fulaya su datse wayarta, shikenan kunne ya huta. Kuma in ka duba injunan hannu da ake sayarwa a bakin ruwa, ko a Yawuri ne ko Lokoja ko Yeji ta Ghana, da yawa haka za ka tarar da su, waya a yanke an naɗe ta da baƙin salatif an tura ƙarƙashi. Ni dai a ganina wannan ba gyara bane, domin ranar da leda ko kainuwa ta toshe inda inji ke jan ruwa babu abin da zai gaya maka, sai dai kaji ƙauri fistin ya kama, kuma kuɗin ƙararrawa sabuwa bai kama ƙafar kuɗin garambawul ba. Bin wayar nan ba wani wahala ne da shi ba in ka gane yadda aka ɗaura ta.

Yadda abin ke aiki

Ƙararrawar wayoyi biyu gareta. Ɗaya tana kawo mata wuta daga makulli, da zarar ka murɗa ki wutar bolt 12 ta iso ta zauna, ko inji ya tashi ko bai tashi ba. Ɗayar kuma ita ce ke tafiya baya wurin inji, tana jiran a haɗa ta da as, wato jikin inji inda nagatif ɗin batir yake ɗaure. Sensar zafi da ta mai aikinsu kenan, in zafi ya wuce ƙa'ida ko mai ya yi ƙasa sai su haɗa wannan waya da jikin inji, ƙara ta tashi. Kamar ƙwan fitila ne mai makunni uku, duk wanda aka danna zai kama, shi ƙwan bai san wa ya danna ba. Toh kaga duk abin da ya taɓa wayar nan da ƙarfe, ko sensa ce, ko gogewar roba, ko ruwa a cikin soket, ƙara iri ɗaya za ka ji. In ka riƙe wannan a kanka sauran duk sauƙi ne.

Kalar waya ta danganta da kamfani. A Yamaha mai kawo wuta daga ki ruwan ɗorawa ce, mai zuwa wurin sensar zafi kuma ruwan hoda, as baƙa, ita ƙararrawar sau da yawa tana ɓoye cikin akwatin giya da totur na gefen direba, irin wanda ake ce wa 703. A Mercury ta wuta shunayya ce, ta alam ruwan ƙasa mai ratsin shuɗi. Tsofaffin Johnson da Evinrude shunayya da ruwan ƙasa zalla. Amma kar ka rantse da kala a injin da ya bi ta hannun masu riwaya uku ko huɗu, wani wayar babur zai jona maka a tsakiya, ta shiga ja ta fito kore.

Ƙananan injuna masu sitiyarin hannu, irin doki 15 ɗin nan da ake ja da igiya, galibi basu da ƙararrawa sam. Su kuma irin Yamaha Enduro da ake haɗa musu mai da fetur a jarka basu da sensar mai tunda babu tankin mai daban. Ka fara sanin me injinka yake da shi kafin ka ɓata yini kana neman abin da babu.

Kafin ka zargi waya, ka tabbatar inji ba gaskiya yake faɗa ba

Nan ne mutane ke yin gaggawa. Alam ya yi ƙara, rage totur, sa giya a furi, juya ka kalli ruwan da inji ke tsartowa ta gefe. In babu ko yana ɗiga-ɗiga, kashe inji ka ɗaga ƙafarsa ka duba ramukan shan ruwa. A kogin Neja da na Binuwai lokacin rani ruwa ya ja baya, yashi ake tuƙawa a kai, yashin nan yana cinye fankar roba ta famfon ruwa, da damina kuma ciyawa da leda. Ko da ruwan yana tsartowa da ƙarfi ba hujja bace ɗari bisa ɗari, domin tamostat, wato ɗan bawul ɗin da ke buɗe wa ruwa hanya in inji ya ɗau zafi, zai iya maƙalewa a rufe, famfo na aiki amma ruwan bai zaga kan silinda yadda ya kamata ba.

Cire murfi ka ɗora hannu a kan silinda a hankali. Injin waje, wato wanda ake ratayawa a bayan jirgi, in mai lafiya ne tamostat ɗinsa na buɗewa ne wajen digiri 50 zuwa 60, za ka iya barin hannunka na ɗan daƙiƙoƙi. In ko taɓawa baka iyawa, ko ka ɗiga ruwa yayi cuuu, ko fenti ya fara canja kala, malam ba waya bace, ajiye mita ka nemi famfo da tamostat. Wanda yake da ma'aunin zafi irin mai kama da bindiga da ake haskawa daga nesa yafi kowa hutawa. Sai ka duba mai, na tanki in mai tafiya biyu ne, wato mai ƙona mai tare da fetur, ko sandar awo in mai tafiya huɗu ne irin na mota.

Ka kuma saurari irin ƙarar. A tsofaffin Johnson da Evinrude masu famfon mai na VRO, ƙara doguwa ba tsayawa zafi ne, tit ɗaya duk bayan kamar daƙiƙa 20 mai ne ya yi ƙasa a tanki, tit-tit-tit da sauri kuma mai baya tafiya cikin inji, wannan a kashe nan take. Mercury ma doguwar ƙara zafi ce ko babbar matsala, mai yankewa kuma galibi mai ne. Wasu Yamaha masu tafiya huɗu da injekta suna ƙara in ruwa ya taru a kofin tace fetur, kuma sai giya na furi suke yi, kana sa giya suyi shiru, mutum yayi ta zargin waya alhali fetur ɗin da ya saya ne aka yi wa algus. Wata alama mai amfani: Yamaha in ta ga zafi da gaske tana rage gudu da kanta zuwa wajen juyi 2000 a minti, inji ya dinga karkarwa.

Kayan aiki da kiyaye kai

Maltimita, ko ta dubu kaɗan ce ta isa, guntuwar waya mai baki biyu na kada, sukundireba, fulaya, sanfefa mai laushi, da ma'aunin zafi in akwai. Testa mai ƙwai tana taimako amma bata ganin ƙaramin yoyon wuta, zan zo kan wannan. Tankin fetur a janye shi nesa, a buɗe wuri iska ta shiga, tartsatsi ɗaya ya isa in tururin fetur ya taru a ƙasan jirgi. Kuma kar ka kuskura ka tada inji a tudu ba ruwa wai na minti ɗaya ne, fankar roba bata ɗaukar bushewa. Yawancin gwajin nan ma da ki a kunne inji a kashe ake yinsu.

In ƙarar bata tsayawa

Bari inji ya huce sarai, kamar da safe kafin a fara lodi. Murɗa ki zuwa kunne kar ka tada. In ƙara ta tashi ta zauna a inji mai sanyi, toh ka tabbata ba zafi bane. Sai dai ka lura, injin mai tafiya huɗu ko dizal mai sensar ƙarfin mai, wasunsu dama suna ƙara kafin a tada, sai mai ya hau suyi shiru, wannan lafiya ce.

Yanzu raba hanyar gida biyu. Je kan silinda ka nemo sensar zafi, 'yar ƙarama ce a cuse a jikin kan, waya ɗaya ko biyu na fita daga ita zuwa ɗan soket. Zare soket ɗin. In ƙara ta ɗauke, sensar ce ta maƙale a haɗe, ko guntuwar wayarta ta goge. Injin V6 sensa biyu gareshi, kowane ɓangare ɗaya, a zare su ɗaya bayan ɗaya. In bata ɗauke ba bar wannan a zare ka wuce ga ta mai ka zare ta itama. A Mercury masu tankin mai a jikin inji akwai wata cuta da aka sani: maganaɗisun da ke manne da abin da ke yawo a saman mai yakan saki ya nutse ƙasa, tanki cike fal amma sensa na cewa babu mai. Haka kuma in wani ya cire famfon mai ya koma haɗawa a jarka bai raba wayoyin yadda ya dace ba, tankin da babu komai a ciki zai yi ta kira har abada.

Duk ka zare sensoci ƙara na nan? Saura waya kenan, ko akwatin kula da alam in injin yana da shi. Nemo babban soket ɗin da ya haɗa wayoyin jirgi da na inji, a Yamaha mai ƙafa 10 ne, a tsohuwar Mercury mai 8, a Johnson jan nan ne babba. In ka zare shi wutar ki ma zata ɗauke domin ta nan take bi, saboda haka daga nan mita ce zata yi magana ba kunne ba. Cire kan batir na nagatif, zare wayar alam daga jikin ƙararrawa, sa mita a awon om. Ƙafa ɗaya a kan ƙafar soket ta wayar alam ɓangaren inji, ɗayar a jikin inji inda babu fenti. Tunda sensoci a zare suke bai kamata mita ta nuna haɗuwa ba. In ta nuna sifili ko kusa, gogewar tana cikin murfin inji. In nan lafiya, koma ɓangaren jirgi ka auna tsakanin wayar alam da baƙar waya, in sun haɗu toh matsalar tana tsakanin bayan jirgi da wurin direba. A injin da wayar ke bi ta cikin akwatin wuta kafin ta isa sensa, zare ta daga akwatin tukuna, in ba haka ba mita zata baka lamba ta rikita ka.

Wuraren da waya ke gogewa kusan kullum ɗaya ne. Inda damin wayoyi ke shiga murfin inji ta cikin roba, domin duk juyin sitiyari da ɗaga inji a nan take lanƙwasa. Ƙarƙashin fulayiwil, faifan ƙarfen nan mai juyawa a saman inji. Bayan wani noti da bakanike ya ɗaure ya danne ta bai sani ba. Cikin akwatin totur inda ƙarfe ke kai da komo. Sai ƙarƙashin dabe, musamman jiragen da ke dakon hatsi da busasshen kifi, ɓeraye suna kwana a ciki kuma robar waya abin gwaguya ce a wurinsu.

Akwai kuma wata irin ƙara siririya, wiii, can ƙasa-ƙasa, tana zuwa bayan ruwan sama ko an wanke jirgi, rana ta yi ta ɓace. Ƙararrawar zamani wuta kaɗan ƙwarai take buƙata, danshi da tsatsa a cikin soket sun isa su bata rabin hanya. Testa mai ƙwai ba zata nuna maka komai ba a nan, amma mita zata nuna wasu dubban om maimakon buɗaɗɗiyar hanya. Buɗe soket, busar da shi, goge koren gishirin nan, shafa giris na lantarki ka mayar.

In tana zuwa tana tafiya

Wannan ita ce mai cin rai. Inji a kashe, ki a kunne, sa yaron jirgi ya zauna kusa da ƙararrawa kai kuma ka bi damin wayoyi kana girgizawa taƙi-taƙi, ka juya sitiyari ƙarshe zuwa ƙarshe, ka ɗaga inji ka sauke, ka tura totur gaba da baya. Inda ka taɓa ta yi tit, nan ne. Kayi haƙuri da shi, kar ka dinga fizga, sai ka gyara ta na wucin gadi ba tare da ka ga wurin ba ta dawo maka a tsakiyar ruwa.

In kuma sai an buɗe wuta sosai take yi, aka rage ta daina, ni bana saurin cewa waya ce. Famfon da ya gaji yana iya ciyar da inji a silo ya kasa a babban gudu. Auna zafin kan silinda a daidai lokacin da take ƙarar. Auna batir ma: a zaune cikakke yana nuna wajen 12.6, inji na aiki 13.5 zuwa 14.5. Kan batir mai lilo yana sa injuna masu kwamfuta suyi ta kuka ba dalili, kuma yana kashe abin caji.

In ta yi gum

Wannan tafi hatsari domin babu wanda ke ƙorafi a kanta. Wasu injuna, kamar Mercury da yawa, suna yin tit sau ɗaya in an murɗa ki don nuna ƙararrawa na da rai, amma tsofaffin Yamaha da yawa basa yi, shirunsu baya nufin komai. Gwajin mai sauƙi ne a injin da sensarsa makunni ce kawai: ki a kunne, zare soket ɗin sensar zafi, ɗauki wayar da ta nufi jirgi, ruwan hoda ko ruwan ƙasa, ka taɓa ta da jikin inji. Ya kamata ta kwarma ihu. In ta yi, hanya lafiya take tun daga ki har nan, saura ka gwada sensar kanta.

In bata yi ba koma wurin ƙararrawa. Mita a bolt, ja a kan wayar wuta, baƙa a as mai kyau. Babu 12? Duba fiyus ɗin da ke jikin inji, sau da yawa mai amfiya 20 ne, sai bayan makulli inda wayoyi ke kwancewa. Fiyus ya ƙone a sa irinsa, banda naɗa masa silin waya ko takardar sigari. In wuta na nan, ɗauki 'yar wayarka ka haɗa ɗaya ƙafar ƙararrawar kai tsaye da as. Ta yi ƙara, toh waya ce ta tsinke a hanya tsakanin nan da inji, bi ta da mita gaɓa-gaɓa, kuma ka fara neman inda mai jirgin na baya ya datse. Bata yi ba, ta mutu, sayi wata ta bolt 12. Ka kula da fuska wurin ɗaurawa, irin na zamani in ka juya fozitif da nagatif ba zasu yi ƙara ba sai kace sabuwar ma ta lalace.

Gwajin sensar zafi

Cire ta, haɗa ƙafafun mita a wayoyinta, in mai waya ɗaya ce ɗayar ƙafar a jikin ƙarfenta. Rataya kanta a cikin tukunyar ruwa a kan wuta kar ta taɓa gindin tukunya, ma'aunin zafi a ciki. Da sanyi a buɗe take. Na Yamaha da yawa suna haɗewa tsakanin digiri 76 zuwa 90 gwargwadon samfurin inji, in ruwan ya huce su sake buɗewa. Wasu na kamfanonin Amurka sai sun kusa 100 ko sun wuce, ruwa kuma baya wuce 100, irin waɗannan da baƙin mai ake gwada su, a waje, da hattara. Ainihin lambar injinka tana littafin gyaransa. Sensar da ta haɗe tun a 50, ko ruwa na tafasa ta Yamaha bata motsa ba, a jefar. Wurin mayarwa kuma mai waya ɗaya ta jikin zarenta take samun as, kar a naɗe zaren da farin tef na masu famfo.

Injuna masu kwamfuta da na dizal

A sababbin masu injekta, Yamaha ne ko Suzuki ko Mercury, akwai sensar da ba makunni bace, om ɗinta ne ke sauka in zafi na hawa, kwamfuta na karantawa da wuta 'yar bolt 5 sannan ita ce ke ba ƙararrawa as. Irin wannan zare ta ma kaɗai zai iya tada alam, kuma in ka kuskura ka kai mata bolt 12 ko kayi ta soke-soke da testa mai ƙwai zaka iya kashe kwamfutar, kuɗinta kuwa ba wasa ba. Abin da zaka iya a nan shine soket, as, batir, fiyus da awon om na sensa a zare, sauran a kai wa mai na'urar karanta lambar matsala.

Manyan jirage masu dizal a ciki, irin Yanmar ko Volvo Penta, allonsu na da fitilar mai, ta zafi da ta caji, duka suna zuwa ƙararrawa ɗaya ta cikin diyod, kowace da nata don kar wutar ɗaya ta koma cikin ɗaya. Diyod ya ƙone ya haɗe sai kaga fitilu biyu sun kama tare, in ya tsinke fitila ta kama babu ƙara. Mita na da wurin gwada shi, ya wuce ta fuska ɗaya ya hana ta ɗayar. In alam na mai na tashi a silo bayan inji ya ɗau zafi, a ɗaura gejin mai na hannu a ga ainihin ƙarfinsa kafin a ce sensa ce.

Gyaran kansa

Ka samu wurin, yanke har sai ka iske jan ƙarfe mai sheƙi, wanda ya yi baƙi a cikin roba ya riga ya ruɓe ko dalma bata kama shi. Murɗa waya biyu a naɗe da salatif baya kwana a jirgi, danshi zai shiga. A matse da ƙarfen joni ko a liƙa da dalma, sannan a sa robar nan mai tsukewa da zafi, mai gam a ciki tafi. In an samu wayar jirgi mai farin rufi a silinta ita ce daidai, in babu a sa mai sili da yawa mai laushi, banda mai sanda ɗaya ta wayarin gida, girgiza zata karya ta. Wani lokacin jan sabuwar waya guda daga inji har wurin direba yafi sauƙi akan farke dami gaba ɗaya, sai ka cire tsohuwar daga bakin biyu ka rufe kanta. Ɗaure ta nesa da ƙarfe mai kaifi da abin da ke motsi, ka bar mata ɗan sassauci a bayan jirgi yadda inji zai juya ba ja. Kwance wayoyin as na jikin inji ka goge su da sanfefa ka ɗaure tam.

Bayan ka mayar da kowane soket, sake taɓa wayar sensa da jikin inji kaji ta yi ƙara, ka mayar da ita wurinta, sannan ka fita ruwa ba fasinja kayi kamar minti goma sha biyar, daga silo har babban gudu, kana juya sitiyari, ka dawo ka taɓa kan silinda. Wannan gwajin taɓawa ka dinga maimaita shi duk lokacin da ka canja man giya ko fankar famfo.